Yadda Za Ka Shirya Ziyarar Tsibirin Kirit Daga Jos

Tun da muka dawo daga Girka ni da uwargida, duk majalisar da na zauna a Titin Bauchi sai wani ya zaro waya ya nuna mini hoton fararen gidaje masu shuɗin rufi a gefen teku, ya ce, "Alhaji, nan kuka je?" Ba nan muka je ba. Wancan Santorini ne, ƙaramin tsibiri da aka fi zuwa don ɗaukar hoto. Mu Kirit muka je, tsibiri mafi girma a ƙasar, wanda masu shi ke kira Kiriti, Larabawan dauri kuma suka sani da Iƙriɗish. Tsawonsa daga gabas zuwa yamma kusan kilomita 260 ne, mutanensa sun haura 600,000, kuma noma da kiwo suke yi ko baƙi sun zo ko ba su zo ba. Ni malamin gona ne, rabin rayuwata a gonakin dankali na yi ta tsakanin Bokkos da Mangu, don haka wurin da ake noma a kan tudu shi ya fi jan hankalina. Wanda zai bi sawuna, abu na farko da nake roƙonsa shi ne ya ware kwana goma. Idan uku kawai gare shi, gara ya adana kuɗinsa zuwa baɗi.

Fara da biza, tun kafin ka yi mafarkin teku. Girka tana cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kuma tana da ofishin jakadanci a Abuja. Doka ta ba ka damar nema tun saura wata shida tafiya, ni kuma shawarata kada ka bari ya rage ƙasa da wata biyu. Fasfonka ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro Turai, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki, da ta jirgi zuwa da dawowa, da bayanan asusunka na banki. Kuɗin bizar babba yuro 90 ne tun watan Yunin 2024. Abin da suke dubawa a cikin tarin takardun nan ɗaya ne: shin mutumin nan zai koma gida? Saboda haka ka sa takardar wurin aikinka ko rajistar kasuwancinka, da takardar aure, da duk abin da ke nuna kana da jijiya a nan. Kada ka yarda dillalin biza ya zuba maka kuɗin aro a asusu ana gobe za ka kai takardu. Kuɗin da ya faɗo rana ɗaya kamar daga sama shi ne ya fi tayar da zato.

Lokacin tafiya kuma, ka zaɓi Mayu zuwa farkon Yuni, ko ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Yuli da Agusta akwai zafi, ga cunkoso, ga tsadar ɗaki, ga wata iskar arewa da suke kira meltemi mai tayar da teku. Mu a makon ƙarshe na Satumba muka sauka, inabi da ɓaure sun nuna, rumman ya fara tsagewa a bishiya. Ka ɗauki rigar sanyi guda. A bakin teku ba za ka buƙace ta ba, amma asubar kan duwatsunsu kamar ta Jos ce a farkon hunturu.

Daga Jos sai ka gangara Abuja, ka kwana, kada ka haɗa hanyar mota da jirgin sama na zuwa ƙasar waje rana ɗaya. Babu jirgin da ke tashi daga Abuja kai tsaye zuwa Girka, sai an ya da zango a Istambul, ko Alƙahira, ko Adis Ababa, ko Doha, sannan a shiga Atina, babban birnin Girka. Daga Atina zuwa Kirit tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a sama. Amma idan za ka ji tawa, ka je tashar jiragen ruwa ta Pireyas ka shiga jirgin dare. Yana tashi bayan isha, ya yi wajen awa tara a teku, gari na wayewa kana Kirit. Ka biya ɗaki mai gado, ka ga ka huta da kuɗin otal na daren. Na yi sallar asuba a wani lungu na saman jirgin, ina sallamewa na hango duwatsu suna fitowa daga cikin hazo. Uwargida ta ce, "Alhaji, wannan ai Dutsen Shere ne aka tsoma a ruwa." Ta yi gaskiya, sai dai nasu ya fi tsayi. Kololuwar Fisiloritis mita 2,456 ce, ta ɗara Chappal Waddi na Taraba, wanda shi ne mafi tsayi a Najeriya.

Kada ka riƙa sauya masauki kullum. Ka raba kwanakinka gida biyu: huɗu a Irakliyo, babban birnin, shida a Haniya da ke yamma. A allon hanya za ka ga an rubuta Heraklion da Chania, kada su rikita ka. Tsakaninsu kusan kilomita 140 ne, kuma motocin bas na KTEL suna zirga-zirga duk yini, masu tsabta, masu kiyaye lokaci. Hayar mota ta fi daɗi idan za ka shiga ƙauyuka. A hannun dama suke tuƙi kamar mu, amma ka tafi da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, kuma ka sani hanyoyin kudu sun fi Hawan Kibo lanƙwasa, ga awaki kwance a tsakiyar kwalta. Ka nemi ɗaki mai ɗan kicin. Ka sayi mahaɗin caji mai baki biyu zagayayyu tun a Terminus, don soket ɗinsu ba irin namu ba ne.

Washegarin isarka Irakliyo, ka yi sammako zuwa Kinosos, kilomita biyar kudu da gari, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. Nan ne fadar mutanen da ake kira Minowa, wadda aka fara ginawa wajen shekara 1,900 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Wani ɗan tsibirin mai suna Minos Kalokairinos ne ya fara tono a 1878, sannan Bature ɗan Ingila Arthur Evans ya sayi filin ya kama aiki gadan-gadan daga 1900. Evans ya sake tayar da wasu sassa da kankare, ya yi musu fenti yadda yake zaton suke, kuma masana na ta sukarsa a kan haka har yau. Don haka jajayen ginshiƙan da kowa ke hoto a gabansu ba su ne abin kallon ba a wurina. Ka duba ƙasa. Ka duba bututun yumɓu da suka jawo ruwa da su, da magudanan da ke fitar da ruwan sama, da ɗakunan ajiya masu manyan randuna, wasu sun kai tsayin mutum, inda ake tara man zaitun da hatsi. Manomi na gani ya san rumbu ne ya riƙe wannan sarauta. Da rana kuma ka shiga gidan tarihi na Irakliyo, inda ainihin zanen bango suke, da faifan yumɓun nan na Faistos da aka tono a 1908, wanda har yau ba a iya karanta rubutunsa ba. Kafin ka bar Jos, ka daure ka shiga namu gidan tarihin da aka buɗe a 1952, ka sake kallon kawunan Nok. Za ka fi gane hannun maginin can idan idonka ya saba da na nan.

Akwai abin da ban sani ba sai da na fara shirin tafiyar, kuma shi ya sa na ƙi sauya tsibiri. Birnin Irakliyo Musulmi ne suka mayar da shi birni mai ganuwa. A shekarar 818 mutanen wata unguwa a Ƙurɗuba ta Andalus suka yi wa sarki Hakam na ɗaya bore, aka kore su, suka zauna Iskandariyya ta Masar, can ma aka tashe su. A shekarun 820 suka sauka Kirit ƙarƙashin Abu Hafs Umar, suka gina gari suka kewaye shi da gwalalo, suka sa masa suna Rabdul Handaƙ. Handaƙ ɗin nan da muka sani a Yaƙin Gwalalo na Madina, ita ce dai kalmar. Rumawa suka mayar da ita Handakas, mutanen Benis ta Italiya suka ce Kandiya, har sunan ya koma na tsibirin baki ɗaya tsawon ƙarnoni. Masarautar ta yi sama da shekara 130 kafin sarkin yaƙin Rumawa Nikiforos Fokas ya ci ta a 961. Gininsu bai saura ba, abin da ya rage yawanci tsabar kuɗin da suka buga ne, da sunan. Katangar da za ka gani yanzu ta mutanen Benis ce, waɗanda suka riƙe tsibirin tun farkon ƙarni na 13. Daular Usmaniyya ta yi shekara 21 tana kewaye da wannan katanga, daga 1648 zuwa 1669, kafin garin ya miƙa wuya. Ka hau kanta da la'asar ka taka. Abokanmu Kiristoci kuma kada su wuce cocin Titus a tsakiyar gari, almajirin Bulus da aka bari a tsibirin. Ginin da ke wurin yanzu a matsayin masallaci aka gina shi bayan girgizar ƙasar 1856, daga baya ya koma coci.

A Haniya ne wannan tarihi ya fi taɓa ni. A bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa akwai masallacin Kucuk Hasan, mai babbar ƙubba, wanda aka gina bayan Turkawa sun ci garin a 1645. Yanzu ba a salla a ciki, baje kolin zane ake yi, hasumiyarsa ma an rushe ta tun ƙarnin da ya wuce. Musulmin Kirit ba baƙi ba ne, yawancinsu 'yan tsibirin ne masu jin Girkanci, amma bayan yarjejeniyar musayar jama'a ta 1923 tsakanin Girka da Turkiyya aka kwashe waɗanda suka rage zuwa ƙasar da da yawansu ba su taɓa takawa ba. Wasu tun kafin nan sun yi hijira zuwa Hamidiyya a gaɓar Siriya, inda jikokinsu ke yin Girkancin Kirit har yanzu. Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa tabon. Ka je gidan ibadar Arkadi kusa da Retimno, inda a 1866 ɗaruruwan Kiristoci, akasari mata da yara, suka mutu lokacin da aka cinna wa ɗakin albarushi wuta don kada su faɗa hannun sojan Usmaniyya. Ga Bagirke wannan wuri abin girmamawa ne, don haka ka shiga da nutsuwa, ka saurara, kada ka ja musu a kan wanda ya fara. Sannan ka koma Haniya, ka nemi dandalin Sifilanjiya, ka tsaya gaban cocin Nikolas. A gefe ɗaya na ginin hasumiyar ƙararrawa ce, a ɗaya gefen hasumiyar kiran salla, duk suna tsaye. Ni da aka haifa a Jos, na ga yadda unguwannin da muka taso a cakuɗe suka rabu, na daɗe zaune a ƙarƙashin bishiyar dandalin ban ce komai ba. Uwargida ta bar ni har sai da na tashi don kaina.

Tunda an zo maganar salla: alƙibla daga Kirit kudu maso gabas take, ba kamar nan da muke fuskantar gabas muna ɗan karkata arewa ba. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Ka tafi da darduma mara nauyi da ƙaramar buta, don banɗakinsu ba a tanadi ruwan tsarki ba, kuma takarda a kwando ake jefa ta, ba a cikin masai ba.

Abinci shi ne wurin da mutanenmu suka fi jin tsoro, alhali shi ne mafi sauƙi. Ka haddace kalmomi kaɗan. Hirino shi ne naman alade, kirasi giyar inabi ce, horis kuma "ban da". Ka ce "horis hirino, horis kirasi", za a gane ka. Ka tambaya ko da kaza ce ko kifi, domin wani lokaci da giya ake dafawa. Apaki naman alade ne mai hayaƙi, suflaki da giros na bakin titi su ma yawanci alade ne sai ka nemi na kaza. Akwai wata kalma da ta fi duk waɗannan amfani, nistisimo, wato abincin azumin Kiristocinsu, wanda babu nama a ciki. Maganar yanka kowa ya tambayi malaminsa kafin ya tashi. Mu dai kifi da ganye da wake muka fi ci, kuma ko sau ɗaya ba mu kwana da yunwa ba.

Ka fara da dakos: busasshen burodin sha'ir mai tauri, a ɗan jiƙa shi, a gurza tumatir a kai, a barbaɗa farin cuku mai laushi, a kwarara man zaitun. Sai horta, dafaffen ganyen daji da man zaitun da lemon tsami. Uwargida na ɗanɗanawa ta ce kwaɗon rama ne aka manta ba a sa ƙuli ba. Suna da wani ganye mai ɗaci, istamnagati, wanda mai son shuwaka zai so. Suna cin kuɓewa, bamiyes suke ce mata, amma guda-guda suke dafa ta da tumatir, ba sa barin ta yi yauƙi. Akwai kalitsuniya, ƙananan fanke masu cuku ko ganye a ciki, da wata waina mai faɗi ta mutanen Isfakiya da ake zuba wa zuma. A ƙauyukan dutse makiyaya na yin antikiristo, wato a tsire manyan yankan rago a kafa su kewaye da wuta, gishiri kawai, su yi awanni suna gasuwa da zafin da ke dukansu daga gefe. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukubar mai tsire ya san wannan dabara. A biki kuma shinkafa ce da aka dafa da romon akuya ko rago, gamofilafo. Idan kun gama ci, mai gidan abinci zai kawo kyautar 'ya'yan itace ko wani abin zaƙi, tare da 'yar kwalba mai farin ruwa. Ba ruwa ba ne, raki ne, barasa mai ƙarfi. Ka dafa ƙirji ka ce "efharisto", na gode, ka ci 'ya'yan itacen ka bar kwalbar. Babu wanda ya taɓa ɓata mana rai a kan haka. Wani dattijo ma shayin dutse ya sa aka dafo mana, malotira, da zuma.

Ka kiyaye hannunka. Buɗe tafi da yatsu biyar a fuskar mutum zagi ne a Girka, daidai da daƙuwa a wurinmu, su suna ce masa muja. Kuma "ne" a bakinsu "e" ce, "ohi" ita ce a'a. Da rana tsaka zuwa la'asar ƙauyuka kan yi tsit, ana barci, kada ka buga ƙofa ko ka ɗaga murya. Idan ka ji ana biki ko bukin waliyyin gari, ka leƙa. Za ka ga mai lira, wata 'yar goge mai tsirkiya uku da ake kafawa a gwiwa, da maza cikin baƙaƙen riguna da dogayen takalma, wasu da baƙin ƙyalle mai tuntaye a goshi. Suna jifan juna da mantinada, baiti biyu masu amsa-amo, kowane layi gaɓa 15, ana ƙirƙira nan take, wannan ya yi wancan ya mayar. Ko ba ka jin yaren za ka gane lokacin da wani ya kayar da wani, daga ihun jama'a. Idan ka ji harbin bindiga a bikin ƙauyen dutse, murna ce irin ta 'yan bindiga a hawan salla, amma ka ja baya.

Ranar da ta fi kowace wuya kuma ta fi kowace daɗi ita ce ta kwazazzabon Samariya. Ana buɗe shi ne daga Mayu zuwa Oktoba, kuma akan rufe idan an yi ruwa. Ka shiga bas ɗin asuba daga Haniya zuwa Omalos, ka fara gangara daga tsayin sama da mita 1,200, kusan tsayin da Jos take. Tafiyar kilomita 16 ce a ƙafa har bakin teku, awa biyar zuwa bakwai. Kilomitocin farko su ke cin gwiwa, don gangara ce zalla a kan duwatsu, saboda haka ka sa takalmi mai kauri wanda ƙafarka ta saba da shi, ka riƙe sanda. Gora ɗaya ta isa, akwai idanun ruwa masu sanyi a hanya. Ka adana tikitinka, a mafita ake karɓa don a tabbatar babu wanda ya kwana a ciki. Kusa da ƙarshe bangon dutse biyu suna matsowa har tsakaninsu bai fi mita huɗu ba, tsayinsu kuwa wajen mita 300, kana tafe kan ruwa kana jin sawunka na dawo maka. Idan da rabo za ka ga kiri-kiri, akuyar dajin tsibirin. Ƙauyen da za ka ɓulla, Agiya Rumeli, babu hanyar mota zuwa cikinsa, jirgin ruwa ne ke kwashe mutane da yamma, don haka kada ka yi nawa. Tekun da ke gabanka sunansa Tekun Libiya, Afirka na can tsallake, kusan kilomita 300. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya bar Samariya ya bi kwazazzabon Imbros, rabin wannan ne. Uwargida can ta bi tare da wasu mata, ta riga ni komawa masauki.

Daga Irakliyo kuma ka ba Lasiti yini guda, musamman idan kai manomi ne. Fili ne shimfiɗaɗɗe a kan tudu, sama da mita 800, duwatsu sun kewaye shi, kuma dankalin Turawa suke nomawa, da tufa da kabeji. A da dubban injinan iska masu farin ƙyalle ne ke jawo musu ruwa daga rijiyoyi, yanzu kaɗan suka rage. Na tsaya wurin wani manomi yana haƙa, ba ya jin Turanci, ba na jin Girkanci. Na nuna masa hoton gonakin Bokkos a waya, ya ɗauki dankali ɗaya ya tsaga ya nuna mini cikinsa, na nuna masa hoton ganyen da cutar damina ta ƙone mana, ya girgiza kai ya nuna ya san ta. Ya cika mana leda ya ƙi karɓar ko sisi. A daren muka soya shi da man zaitun a kicin ɗin masauki.

Bakin teku ban ce kada ka je ba. Elafonisi mai yashi ja-ja yana da kyau da sassafe kafin a cika, sai dai ka san shigar mutane a wurin ba irin tamu ba ce, mai iyali ya nemi gefen da babu jama'a.

Tsaraba kuwa, ka bar kayan kantin baƙi. Ka sayi man zaitun na gwangwani, ba na kwalba ba, ka naɗe shi da tufafi a babbar jaka, don ba za a bar ka ka shiga jirgi da shi a hannu ba. Ka ƙara da zumar tsibirin, da shayin dutse, da busasshen burodin sha'ir, wanda ke yin watanni bai lalace ba. Idan kana yamma ka biya ƙauyen Bubes, a rubuce Vouves, ka ga zaitun ɗin da ya haura shekara 2,000 kuma yana 'ya'ya har yanzu, ka sayi manka a wurin masu matsewa na yankin. Mu lita biyar muka taho da ita. Uwargida ta ware rabi ta raba wa 'yan uwa a ƙananan kwalabe, sauran kuma da shi take mana kwaɗon rama duk ranar Juma'a, da tumatirin Farin Gada.